Gani Ya Kori Ji, To Yanzu Me Zai Kori Gani?

A watan Yulin 2018 wani bidiyo ya zaga wayoyin jama'a tun daga Marwa har Duwala. Wasu maza cikin kakin soja sun tasa ƙeyar mata biyu a wata turba mai ƙura, ɗaya goye da jariri, ɗayar tana jan hannun wata 'yar yarinya. Suna tafe suna ce musu 'yan Boko Haram. Da aka kai gefen hanya aka rufe musu ido, aka buɗe musu wuta su huɗun. Wanda ya kalla sau ɗaya bai ƙara marmarin kallo ba.

Amsar farko daga Yawunde ta fito ne daga bakin ministan sadarwa na wancan lokaci, Issa Tchiroma Bakary, ɗan nan Garwa, kuma gajeriya ce: labarin ƙarya ne. Wasu suka ɗauka daga nan a Facebook, suna rantsuwa cewa a Mali aka ɗauki hoton. Amma maganar ta ƙi zama. Amnesty International ta duba kakin da bindigogin ta ce na sojan Kamaru ne. A watan Agusta gwamnati da kanta ta sanar da kama sojoji 7. A Satumba kuma sashen bincike na BBC, tare da wasu masu bin diddigi na sa-kai, suka fito da aikin da har yau ake ba da misali da shi. Sun ɗauki surar duwatsun da ke bayan matan suka yi ta gwadawa da hotunan tauraron ɗan'adam, har ta dace da wani tsauni kusa da Zelevet, a Mayo-Tsanaga, dab da iyakar Najeriya. Suka bi gine-ginen da suka fito a hoton, wanne aka gina yaushe, wanne aka rushe. Suka auna inuwar sojojin a ƙasa, kamar yadda ladan ke duba inuwa don sanin azahar, suka ce abin ya faru ne tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilun 2015. A Satumbar 2020 kotun soja ta Yawunde ta ɗaure 4 daga cikinsu shekara 10 kowanne, ta ba na biyar, wanda ya ɗauki hoton, shekara 2, ta sallami sauran.

Na faro da wannan tsohon labari ne saboda tambaya guda. Da a ce bana bidiyon ya fito, me zai faru? Ba sai an wahala da ambaton Mali ba. Kalma ɗaya ta isa: na'ura ce ta haɗa. Kuma rabin majalisa za su gyaɗa kai, don kowa ya riga ya ga abin da na'urar ke iya haɗawa. Duk surutun da ake kan ƙirƙirarriyar basira (AI), wato na'urar da ke kwaikwayon aikin ɗan'adam, da tsaron ƙasa, ni a ganina nan ne gizo ke saƙar. Ana yawan tsoron kada a yarda da ƙarya. Tsoron da ya fi wannan shi ne gaskiya ta rasa abin da za ta dafa.

Bari mu fara da yadda abin ke aiki, musamman murya, don ita ta fi shafarmu. Ana ɗura wa na'ura maganar mutane ta dubban awoyi, har ta koyi yadda harshe ke juyawa, inda ake jan numfashi, inda sauti ke hawa da sauka. Bayan ta ƙoshi da wannan, ba ta buƙatar abu mai yawa daga gare ka. Kamfanin Microsoft ya nuna a farkon 2023 cewa daƙiƙa 3 na muryar mutum sun ishi na'urarsa ta kwaikwaye shi. OpenAI, masu ChatGPT, sun sanar da tasu a Maris ɗin 2024 mai buƙatar daƙiƙa 15, suka kuma ƙi sakinta ga kowa da kowa don gudun ɓarna. Wasu kamfanonin ba su yi wannan kawaicin ba, kuma kuɗin da suke karɓa a wata bai kai na buhun gero ba.

Mun daɗe muna jin cewa harshenmu katanga ne. Hausa tana da karin sauti, tana da dogon wasali da gajere, tana da ƙ da ɗ da ɓ, kuma na'urorin farko in sun yi Hausa sai ka ji kamar Baturen da ya yi wata uku a Kano. To katangar ta tsage ta wuri biyu. Na farko, a Mayun 2023 kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya saki na'ura mai karanta rubutu da murya cikin harsuna sama da 1,100, da Hausa a ciki. Na biyu ya fi haɗari, kuma shi ne mutane ba su cika ganewa ba: ba dole sai na'urar ta iya Hausa ba. Mutum ne zai yi maganar da bakinsa, da Hausar Garwa tsantsa, da ɗan Fulatancin da Faransancin da muke barbaɗawa a ciki, sai na'ura ta tuɓe wa maganar muryarsa ta sa mata ta wani, kamar a canza wa mutum riga.

Maƙwabtan Chadi sun riga sun ɗanɗana. Bayan yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, sai ga sautuka a TikTok da muryar Omar al-Bashir, tsohon shugaban ƙasar, wanda aka kifar a 2019 kuma ba a ganinsa a bainar jama'a. Dubban ɗaruruwan mutane suka saurara. Da BBC ta bi sawu a Oktoban shekarar, sai ta tarar wasu daga cikin sautukan maganar wani mai sharhin siyasa ce da ya yi kwanaki kafin nan, kalma da kalma, har inda ya yi shiru ya ɗauki numfashi. Murya kawai aka sauya.

Yanzu mu tambayi kanmu, muryar wa ta fi yawa a intanet cikin al'ummarmu? Ta malamai. Tafsirin azumi na shekara da shekaru yana nan a YouTube da katin waya, sauti garau, mutum ɗaya na magana ba mai katse shi. Wanda ke son kwaikwayo ba zai sami kayan aikin da ya fi wannan ba. Bayan su sai lamidai, 'yan siyasa, masu gabatar da shirye-shiryen rediyo. Sannan ni da kai, da muke tura saƙon murya goma kafin mu karya kumallo.

A Turai rubutu ne jarida. A nan saƙon murya ne. Dattijon da bai yi makarantar Faransanci ba yana da WhatsApp, kuma kunnensa ne idonsa. Direban da zai tashi daga Marwa ya bi Mora da Dabanga zuwa Kusiri sai ya ji ta bakin wanda ya riga shi wucewa kafin ya tayar da mota. 'Yan sa-kai a Kolofata da Amchide da waya suke sanar da soja da juna in sun ga baƙuwar fuska. Wato dai wani sashe na tsaron iyakar nan yana rataye ne a kan abu guda: na ji muryar wane, kuma na san muryarsa. A tuna Disambar 2021, lokacin da rikicin ruwa tsakanin Larabawan Shuwa makiyaya da Musgum masunta da manoma ya tashi a yankin Logon-Birni, ya kai Kusiri cikin 'yan kwanaki, aka ƙona kasuwar shanu, dubun dubatar mutane suka tsallaka kogi zuwa Chadi. A rana irin wannan, sauti na daƙiƙa 40 da muryar wani shugaban al'umma yana cewa a fito an kashe mana mutane, me zai haifar? Kafin mai muryar ya sami labari ya ƙaryata, an riga an yi jana'iza.

Wannan fuska ɗaya ke nan. Ɗayar kuma Gabon ta nuna mana ita. Shugabanta na lokacin, Ali Bongo, ya sami shanyewar ɓarin jiki a Saudiyya a Oktoban 2018, ya ɓace wa jama'a, jita-jita ta cika gari. A jajibirin sabuwar shekara aka saki bidiyonsa yana jawabi, fuskarsa a ɗaure, idonsa ba ya ƙiftawa yadda aka saba. Nan take 'yan adawa suka ce haɗi ne. Ranar 7 ga Janairun 2019 wasu ƙananan hafsoshi suka kama gidan rediyon ƙasa a Libreville, kuma cikin dalilan da suka bayar har da wannan jawabin. Juyin mulkin bai yi nasara ba, ba a kuma kawo hujjar cewa na'ura ce ta haɗa bidiyon ba. Zargin kaɗai ya isa ya fito da bindiga. Mutanen Najeriya ma ba su manta da Jibrin na Sudan ba, wanda aka yi ta cewa shi aka sa a madadin Buhari, har sai da Buhari ya tsaya a Folan a Disambar 2018 yana tabbatar wa duniya cewa shi ne shi. Wancan ma ba na'ura, baki ne kawai. Mu kuwa a 2024, da Paul Biya ya shafe makonni ba a gan shi ba bayan taron Sin da Afirka a Beijin, aka haramta wa kafofin watsa labarai tattauna lafiyarsa, sai jita-jitar ta koma waya ta ƙara ƙiba, har ya sauka Yawunde ranar 21 ga Oktoba.

Ta fannin kuɗi abin ya fi saurin isowa, don ɓarawo ba ya jiran a yi taro. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong ya shiga taron bidiyo da shugaban sashen kuɗi da wasu abokan aikinsa, ya gan su, ya ji su, ya tura kimanin dala miliyan 25. Duk waɗanda ya gani, babu mutum ko ɗaya a cikinsu. Mu ba mu da miliyoyin dala, amma muna da asusun waya, kuma damfarar da aka saba ta riga ta share hanya. Kawuna mai sayar da albasa an taɓa kiransa da sunan ma'aikacin kamfanin waya, wai za a rufe masa asusu in bai faɗi lambar sirri ba. Ya tsira ne don yaron ya yi masa Faransancin kudu, shi kuwa ya ce, "Ɗana, in kai na kamfani ne ai ka fi ni sanin lambar," ya kashe waya. Da muryar babban ɗansa ya ji tana cewa, "Baba, jandarma sun tsare ni da kaya a hanyar Ngaundere, turo jaka hamsin yanzu," na san kawu, ba zai tsaya tambaya ba. A yankin Tuboro da Adamawa da Mayo-Kebbi ta Chadi, inda satar mutane don kuɗin fansa ta zama annoba, shaidar cewa naka na raye ita ce a ba shi waya ka ji muryarsa. Wanda ya iya kwaikwayon murya zai iya karɓar fansar mutumin da ba ya hannunsa, ko wanda ya riga ya rasu.

Akwai kuma hannun waje, kuma wannan ba zato ba ne. A Oktoban 2019 Facebook ya rufe wasu shafukan da ya danganta da Yevgeny Prigozhin, uban sojan hayar Wagner, waɗanda ke aiki a kan ƙasashen Afirka da dama har da Kamaru. A Disambar 2020 ya sake rufe wasu, wannan karon na Rasha da kuma na wasu mutane masu alaƙa da sojan Faransa, suna ta faɗa da juna a Afirka ta Tsakiya da Mali, kowa na shigar burtu da sunan ɗan ƙasa. A lokacin sai an ɗauki mutane haya su zauna su rubuta. Yau na'ura na rubuta sharhi dubu kafin shayi ya tafasa. A farkon 2023 aka ga bidiyoyin wasu da ke kiran kansu masu kishin Afirka suna yabon sojojin Burkina Faso, ashe mutum-mutumin kwamfuta ne na wani kamfani a Landan. A 2025 kuwa bidiyoyin bogi na manyan mawaƙan Amurka suna wa shugaban sojan Burkina Faso, Ibrahim Traoré, waƙa suka cika wayoyi. Na yi musu a kan ɗaya a majalisarmu har muryata ta dishe. Abin da wani abokina ya rufe bakina da shi shi ne, "To ko ƙarya ce, ai abin da ta faɗa gaskiya ne." Na rasa amsa a ranar.

Jirage marasa matuƙi ba zan daɗe a kansu ba. An ba da rahoton amfani da su a harin Wulgo, kusa da Fotokol, a Maris ɗin 2025, inda sojojin Kamaru 12 suka rasu. Irin na kasuwa ne da ake ɗaukar hoton biki da su, a ɗaura musu abin fashewa, mutum ne ke tuƙawa da hannu. Darasinsu ɗaya ne da na muryar: abin da da sai gwamnati ke iya mallaka, yau ana sayensa a shago.

To me hukumomi ke yi? Maganin da hannunsu ya fi saurin kaiwa gare shi shi ne yanke rezo. Kamaru ta rufe intanet a jihohin masu Turancin Ingilishi daga Janairu zuwa Afrilun 2017, wata 3 cur. Chadi ta toshe shafukan sada zumunta daga Maris ɗin 2018 zuwa Yulin 2019, wata 16. Ranar da aka kashe jagoran adawa Yaya Dillo a Njamena, a ƙarshen Fabrairun 2024, intanet ya sake ɗaukewa. Na fahimci tunanin: a kashe wuta tun ba ta bazu ba. Amma duk wanda ya zauna a kasuwa ya san jita-jita ba ta jiran rezo. Tana tafiya a katin waya, a manhajar Xender mai tura fayil ba da intanet ba, a bakin ɗan acaɓa. Wanda yankewar ke ɗaure wa hannu shi ne ɗan jaridar da zai gwada hoto da taswira, da lamidon da zai fito ya ce ba ni na faɗa ba. An toshe bakin mai ƙaryatawa, an bar mai ƙarya da ƙafafunsa.

Kuma makunnin ma yana ta kuɓuce wa hannun hukuma. A Afrilun 2024 kwastan na Kamaru suka ba da umarnin kama na'urorin Starlink, masu kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, amma kafin ƙarshen shekarar Chadi ta ba kamfanin lasisi. Tsakanin Kusiri da Njamena kuwa gadar Ngeli ce kawai. A ɗaya ɓangaren, ranar 14 ga Maris ɗin 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga duhu ba tare da wani minista ya sa hannu ba. Chadi da ba ta da teku, kaso mai yawa na intanet ɗinta ta Kamaru yake bi.

Dokoki akwai su. Kamaru na da dokar tsaron intanet ta 21 ga Disambar 2010 da hukumar ANTIC mai kula da fasahar sadarwa, ta kuma yi dokar kare bayanan mutane a Disambar 2024. Chadi na da tata hukumar tsaron intanet, ANSICE, da dokokinta na 2015. Tarayyar Afirka na da yarjejeniyar Malabo ta 2014 kan tsaron intanet da kare bayanan mutane, wadda sai 2023 ta fara aiki, da kuma manufar ƙirƙirarriyar basira da aka amince da ita a Akara a Yulin 2024. Amma a duba sashe na 78 na dokar 2010. Ya ce wanda ya yaɗa labari ta intanet kuma ya kasa tabbatar da gaskiyarsa, zai iya shan ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, ko tarar sefa miliyan 5 zuwa 10, ko duka biyun. An rubuta wannan ne a zamanin da bidiyo shi kansa hujja ne. Yau fa? Yaron da ya ɗauki hoton wani ta'asa a ƙauyensu ya tura, aka ce masa na'ura ce, da me zai tabbatar a gaban alƙali? Wanda ya haɗa na bogin kuwa yana can wata ƙasa, ba sammacin da zai kai gare shi.

Za a ce ai akwai na'urorin gano bogi. Akwai, sai dai yawancinsu da Turanci da sauti mai tsabta aka horar da su. Sautin da aka tura sau talatin a WhatsApp, an matse shi, an goge bayanan wayar da ta ɗauke shi, ga ƙarar janareto a baya, ko na gaske ne na'urar kan ruɗe. Manyan kamfanoni irin su Google na sa ɓoyayyen hatimi a abin da na'urarsu ta ƙera, amma hatimi mai gaskiya ne ke bugawa. Tsofaffin alamomin da ake koya wa mutane, a ƙirga yatsu, a duba ƙiftawar ido, duk sun kusa zama tarihi.

Abin da ya rage, malamanmu sun daɗe da saninsa. Lokacin da hadisan ƙarya suka yi yawa, masana ba su dogara da daɗin lafazi ba, don maƙaryaci ma ya iya Larabci. Isnadi suka nema: wa ya faɗa maka, shi daga wa ya ji, sun ma taɓa haɗuwa? Saƙon da ya zo da kibiya biyu a samansa, alamar an tura shi sau da yawa, hadisi ne da ba isnadi, ko da muryar wa ya zo. In an lura, abin da ya tsayar da maganar Zelevet ma ba bidiyon ba ne shi kaɗai. Dutse ne da ke wajen bidiyon, da rana, da gini, da mutanen da suka san wurin. Na'ura na iya zana tsauni, amma ba ta iya dasa shi a Mayo-Tsanaga. Wannan irin sani yana hannun ɗan Mokolo da ɗan Kusiri, ba ya ofishin Yawunde, kuma shi ya sa nake ganin horar da 'yan jaridar gidajen rediyon al'umma na Marwa da Garwa kan bin diddigi zai fi amfani ga tsaro fiye da sabuwar na'urar leƙen asiri. A gidan kawu dai an yanke shawara: duk wanda ya kira neman kuɗi, sai an katse an sake kiransa ta lambar da aka sani, sannan a tambaye shi sunan da kaka ke kiransa da shi.

A Yunin 2025 Issa Tchiroma Bakary ya ajiye muƙamin minista ya tsaya takarar shugaban ƙasa. Bayan zaɓen 12 ga Oktoba ya fito a bidiyo daga Garwa ya ce shi ya ci, yana dogaro da takardun sakamakon rumfunan zaɓe, waɗanda hotunansu suka cika wayoyin magoya bayansa. Ranar 27 ga wata Majalisar Tsarin Mulki ta ba Paul Biya kashi 53.66, shi kuma 35.19. Kowane ɓangare ya ce alƙaluman ɗayan na bogi ne, aka fita titi, aka rasa rayuka a Garwa da Duwala. Shekara 7 bayan ya kira bidiyon Zelevet labarin ƙarya, shi ne ke tsaye gaban kyamara yana neman a yarda da abin da waya ta ɗauka.